Na ƙara sabon kira a xv6, kanel yana faɗuwa da kerneltrap: ina kuskuren yake?

Tambaya, daga wata ɗaliba 'yar aji uku a fannin kimiyyar kwamfuta, Tudun Wada, Kaduna:

Assalamu alaikum Malam. An ba mu aikin ƙara sabon sistem kol, wato kiran da shiri yake yi wa kanel, zuciyar babbar manhaja, a xv6 ta RISC-V. Na sa wa nawa suna `labari`: a ba shi lambar shiri da adireshin wani `struct`, shi kuma ya cika shi da sunan shirin, girmansa da halin da yake ciki. Na bi wani bayani da na samu a intanet. Da farko ya ce min `unknown sys call 22`. Na yi ta taɓe-taɓe har wannan ya tafi. Yanzu kuma da zarar na kira shi sai komai ya tsaya, ya rubuto `scause 0xf`, `stval 0x3fa0`, `panic: kerneltrap`. Kwana uku ke nan ina kai. A taimaka min don Allah.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari ƙanwata. Kin kyauta da kika kwafo saƙonnin yadda suka fito, domin lambobin nan biyu, `0xf` da `0x3fa0`, sun gaya min kusan duk abin da nake bukata tun ban ga kod ɗinki ba. Matsaloli biyu kika ci karo da su, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko mantuwar layi ɗaya ce. Ta biyu kuwa saboda ita aka ba ku aikin tun asali, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Ina kyautata zaton bayanin da kika bi na tsohuwar xv6 ne, domin iri biyu ce. A 2006 Russ Cox da Frans Kaashoek da Robert Morris suka rubuta ta a jami'ar MIT ta Amurka don koyar da yadda babbar manhaja take aiki. Sun ɗauko tsarinta daga Unix fitowa ta shida, aikin Ken Thompson da Dennis Ritchie a Bell Labs, wadda ta fito a 1975 a kan na'urar PDP-11. Ta farkon an yi ta ne don CPU na x86. A 2019 suka koma RISC-V, suka bar waccan, amma bayanan da mutane suka rubuta a kanta suna nan jibge a intanet. Gane su ba wuya. Idan kika ga ana maganar `argptr`, da rajistar `eax`, da umarnin `int` mai lamba 64, da layin `SYSCALL(...)` a cikin `usys.S`, to na x86 ne. Taki tana da folda biyu, `kernel` da `user`, tana da `usys.pl`, tana amfani da `ecall`. Kod ɗin da ke daidai a waccan shi ne yake kashe wannan, kuma za ki ga dalili.

Kafin gyara, ki bi ni mu ga hanyar da kira yake bi. Kin san gidajenmu na cikin unguwa da ake rubuta "Ba shiga" a bakin ƙofa. Baƙo yakan tsaya a waje ya yi sallama, a turo yaro, ya faɗi abin da ke tafe da shi, yaron ya shiga ya dawo masa da amsa. Ba shi ke zaɓar ɗakin da za a buɗe ba, ba shi ma ke zaɓar wanda zai amsa sallamar ba. Haka CPU na RISC-V yake da matakai uku na izini. Kanel ɗin xv6 yana zaune a na tsakiya, matakin mai kula, shirye-shirye irin su `sh` da `ls` da naki kuma suna a na ƙasa, matakin baƙi. Shirin da ke ƙasa ba ya taɓa faifai, ba ya taɓa allo, ba ya leƙa memorin wani. Sallama kawai yake da ita, ita ce `ecall`.

Lokacin da kika rubuta `labari(pid, &l)` a C, abin da kike kira ɗan guntun kod ne mai layi uku wanda `usys.pl` yake haifarwa:

```
labari:
 li a7, SYS_labari
 ecall
 ret
```

Kamfaila, mai fassara C zuwa yaren na'ura, ya riga ya zuba `pid`, wato lambar shirin, a rajistar `a0`, ɗaya daga cikin ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikin CPU, adireshin `l` a `a1`, bisa ƙa'idar kiran fankishin a RISC-V. Layin farko yana sa lambar kiran a `a7`. Da `ecall` ya tashi, CPU yana yin 'yan abubuwa kaɗan da kansa: ya ajiye inda shirin ya tsaya a `sepc`, ya rubuta 8 a `scause` don nuna cewa sallama ce daga baƙo, ya ɗaga mataki, ya tsallaka zuwa adireshin da kanel ya riga ya ajiye a `stvec`. Ki lura da abin da bai yi ba, bai canja taswirar memori ba, wato jadawalin da ke fassara adireshin da ake ambata zuwa ainihin wurinsa a memori. Wannan aikin `uservec` ne a cikin `kernel/trampoline.S`, kuma shi ne zauren gidan: shafi ɗaya da aka sa shi a adireshi iri ɗaya a taswirar shiri da ta kanel, domin a tsaya a kansa a yi sauyin ba tare da ƙasa ta zame ba. A nan ake kwashe rajistocin shirin guda 31 a zuba a wani shafi mai suna `trapframe`, a sauya `satp`, rajistar da ke nuna taswirar da ake aiki da ita, zuwa taswirar kanel, a shiga `usertrap` a `kernel/trap.c`. Shi kuma ya ga 8, ya ƙara 4 a kan adireshin komawa, domin tsawon `ecall` bayit 4 ne, in ba a ƙara ba shirin zai dawo ya sake sallama har abada. Daga nan sai `syscall()`.

Ki buɗe `kernel/syscall.c` ki karanta wannan fankishin da idonki, bai kai layi ashirin ba. Yana ɗauko lamba daga `p->trapframe->a7`, ya duba ko tana cikin jerin `syscalls[]` kuma gurbinta ba fanko ba ne, ya kira abin da ke gurbin, ya ajiye amsar a `p->trapframe->a0`. Idan aka mayar wa shirin da rajistocinsa sai ya tarar da amsa a `a0`, kamar fankishin ne na yau da kullum ya dawo. Wannan ma shi ne sirrin da ya sa `fork`, kiran da shiri yake haifar da sabon shiri da shi, take dawowa da sifili a wurin ɗa: layi ɗaya ne a `proc.c` yake rubuta 0 a `a0` na sabon shirin. Na daɗe ina koyar da wannan, har yau kuma yana burge ni yadda abu mai rikitarwa a baki yake zama layi ɗaya a kod.

To ga matsalarki ta farko. xv6 tana zuwa da kira 21, daga `fork` mai lamba 1 zuwa `close` mai lamba 21, naki ya zama na 22. Saƙon `unknown sys call 22` yana nufin sallamar ta isa zaure da lambarta daidai, amma babu wanda aka rubuta zai amsa ta. Kin gyara ba tare da sanin me kika gyara ba, kuma ba na son ki wuce haka. Kowane wuri da aka manta yana da kukansa daban. A `user/user.h` ake sanar da kamfaila siffar kiran, `struct labari;` sannan `int labari(int, struct labari*);`, in babu shi zai ce `implicit declaration` ya tsaya, domin xv6 tana ɗaukar gargaɗi a matsayin kuskure. A `user/usys.pl` ake ƙara `entry("labari");`, in babu shi sai a matakin haɗawa ki ga `undefined reference`. Kada ki gyara `usys.S` da hannu, haifarsa ake yi, `make clean` zai share shi da aikinki a ciki. A `kernel/syscall.h` ake ba shi lamba, `#define SYS_labari 22`. A `kernel/syscall.c` wurare biyu ne, layin `extern uint64 sys_labari(void);` da gurbin `[SYS_labari] sys_labari,` a cikin jerin, na biyun nan ne kika manta. Ainihin aikin yana zuwa `kernel/sysproc.c`. Shirin gwaji kuma sai an sa shi a `UPROGS` na `Makefile` kafin ya shiga faifan, in ba haka ba `sh` zai ce miki `exec ... failed`. Sunansa kada ya wuce haruffa 14, iyakar sunan fayil ke nan a xv6.

Wannan ɓangaren haddacewa ne, in kika yi sau biyu ya zauna. Yanzu ga abin da ya kawo ki.

Lamba `0xf`, wato 15, a `scause` tana nufin an yi yunƙurin rubutu a adireshin da taswira ba ta yarda da shi ba. Da karatu ne, 13 za ki gani, wato `0xd`. Kalmar `kerneltrap` tana nufin kanel ne da kansa ya yi, ba shirinki ba. `stval` kuma shi ne adireshin da aka nufa, `0x3fa0`. Ƙaramar lamba ce, irin ta memorin shiri, domin kowane shiri a xv6 adireshinsa daga sifili yake farawa. Saboda haka ina da yaƙinin kin rubuta wani abu mai kama da wannan:

```
argaddr(1, &adireshi);
struct labari *l = (struct labari *)adireshi;
l->pid = p->pid;
```

Layi na uku ne ya kashe kanel. Ki ɗauka wani ya ce miki yana zaune a gida mai lamba 12. Akwai lamba 12 a Tudun Wada, akwai a Unguwar Rimi, akwai a Kawo, akwai a Barnawa. Lambar ita kaɗai ba ta kai mutum ko'ina sai an san layi da unguwa. `0x3fa0` lamba ce a unguwar shirinki. Tun a zaure an sauya taswira zuwa ta kanel, a taswirar kanel kuwa babu komai a wannan lambar. Memorin kanel daga `0x80000000` yake farawa zuwa megabayit 128 sama da haka, a ƙasa da shi sai 'yan na'urori, irin su UART a `0x10000000`. Kin aika yaro da lambar gidan Tudun Wada alhali yana tsaye a Malali, ya je ya tarar da fili. A xv6 ta x86 taswira ɗaya ce take ɗauke da shiri da kanel tare, shi ya sa can, bayan `argptr` ya duba iyaka, ake rubutu kai tsaye kuma ya yi aiki. Wanda ya rubuta bayanin bai yi ƙarya ba, garinsa ne daban.

Ina so ki ɗauki wannan faɗuwar a matsayin sa'a, da gaske nake. Ki yi tunanin shirin da ya miƙo adireshi da gangan, ba `0x3fa0` ba, wata lamba sama da `0x80000000` da ta faɗa inda kanel yake ajiye bayanansa, misali jerin `proc[]`. A taswirar kanel wannan wurin yana nan kuma an yarda a rubuta a cikinsa. Layinki na uku zai yi aiki lafiya lau, ba faɗuwa, ba saƙo, baƙo ya sa ɗan gida ya rubuta masa abin da yake so a cikin ɗakin maigida. Kurakurai masu wannan siffa sun sha ba wa shiri maras izini ikon mallakar na'ura a manyan manhajoji na gaske. Duk abin da ya fito daga `a0` zuwa `a5` lamba ce da baƙo ya faɗa, kanel bai san gaskiyarta ba sai ya bincika. Ko a sharhin da ke kan `argaddr` an rubuta cewa ba ya duba halaccin adireshin, an bar wa `copyin` da `copyout` wannan aikin.

`copyout` yana cikin `kernel/vm.c`. Ana ba shi taswirar shirin da ya yi kiran, da adireshin da ya miƙo, da abin da za a kwafa, da tsawonsa. Yana bin taswirar shirin da hannu, hawa uku, ya tabbatar shafin yana nan, ya tabbatar an yi masa alamar `PTE_U` wato na baƙo ne, a sababbin fitowa har ya duba `PTE_W` wato an yarda a rubuta, sannan ya samo adireshin zahiri ya kwafa. Shafi-shafi yake yi, bayit 4096 kowanne, domin shafuka biyu da ke maƙwabtaka a idon shiri suna iya kasancewa nesa da juna a zahiri. In wani abu bai yi daidai ba ya dawo da -1, kanel yana nan da ransa. Ga yadda zan rubuta naki:

```
uint64
sys_labari(void)
{
  int pid;
  uint64 adireshi;
  struct labari l;

  argint(0, &pid);
  argaddr(1, &adireshi);
  memset(&l, 0, sizeof(l));
  if(nemolabari(pid, &l) < 0)
    return -1;
  if(copyout(myproc()->pagetable, adireshi, (char *)&l, sizeof(l)) < 0)
    return -1;
  return 0;
}
```

A cika kwano a cikin gida, a miƙa wa yaro, ya juye a kwanon baƙo bayan ya tabbatar kwanon nasa ne. `sys_fstat` da `filestat` haka suke yi, ki karanta su a matsayin abin koyi. Ki duba taki fitowar kuma, a tsofaffi `argint` da `argaddr` suna dawo da lamba a duba ta, a sababbi ba sa dawo da komai. Shi kansa `struct labari` ki sa shi a fayil ɗinsa, `kernel/labari.h`, ɓangarorin biyu su ɗauka daga wuri ɗaya kamar yadda ake yi da `stat.h`. In kika rubuta shi sau biyu, ranar da kika ƙara abu a ɗaya kika manta ɗayan, lambobi za su fito a karkace kuma kamfaila ba zai ce uffan ba.

Layin `memset` ɗin nan ɗalibai da yawa suna cire shi don suna ganin ba ya yin komai. Yana yi. `l` yana zaune a sitak ɗin kanel, wurin da kiraye-kirayen baya suka bar ragowarsu. Gurbin suna bayit 16 ne. In sunan shirin `sh` ne, `safestrcpy` zai rubuta 'yan bayit na farko ya tsaya, sama da goma su rage da abin da ke ciki tun da, `copyout` kuma ya kwashe duka ya kai waje. Haka ma ratar da kamfaila yake bari tsakanin `int` da `uint64` in sun zo a jere. Ragowar nan tana iya zama adireshin cikin kanel, abin da mai neman kutse yake nema ido rufe. Kwano ake wankewa kafin a zuba wa baƙo abinci.

Akwai wata gajeriyar hanya da nake roƙonki kada ki bi. Na zauna da ɗalibai da dama da suka gaji da faɗuwar nan suka sa `printf` a cikin kanel, ya buga suna da girma a allo, kiran ya dawo da sifili. A ido ya yi aiki. Amma `printf` na kanel kai tsaye yake zuwa allo, ba ya bi ta hannun shirin. Ki gwada `gwadalabari | grep sh` ki gani, `grep` ba zai sami komai ba. Shirin bai karɓi bayani ba, ba zai iya lissafi da shi ba, ba zai iya ajiye shi a fayil ba. Wanda ya yi haka ya kauce wa darasin ne, kuma in ni ne mai duba aikin ba zan karɓa ba.

Saura neman shirin. Wannan ki sa shi a `kernel/proc.c` inda jerin `proc[]` yake, ki sanar da shi a `kernel/defs.h`:

```
int
nemolabari(int pid, struct labari *l)
{
  struct proc *p;

  for(p = proc; p < &proc[NPROC]; p++){
    acquire(&p->lock);
    if(p->state != UNUSED && p->pid == pid){
      l->pid = p->pid;
      l->hali = p->state;
      l->girma = p->sz;
      safestrcpy(l->suna, p->name, sizeof(l->suna));
      release(&p->lock);
      return 0;
    }
    release(&p->lock);
  }
  return -1;
}
```

Gurabe 64 ne a jerin, kuma `make qemu` yana tayar da CPU uku a lokaci ɗaya. Yayin da kike karanta gurbi a kan ɗaya, wani yana iya kammala shirin da ke ciki, `freeproc` ya share shi, `fork` ya ba wa sabo. Ba kwaɗo, wato `lock` ɗin da `acquire` yake rufewa `release` ya buɗe, sai ki fito da lambar wani da sunan wani, sau ɗaya a cikin dubbai, irin kuskuren da ba ya bayyana ranar gwaji. Riƙe `p->lock` yana hana a sake gurbin a ƙarƙashinki. Gaskiya ita ce, `sz` da `name` mai shirin yana canja su ba tare da kwaɗon ba, `proc.h` ya faɗi haka, don haka girman da kika samu hoto ne na wannan daƙiƙar, yana iya canjawa kafin ya isa hannun mai tambaya. Ga irin wannan kira hakan ba laifi, amma ki san da shi, ki kuma rubuta shi a rahotonki.

Ki ƙirga `release`, guda biyu ne, kuma na cikin `if` shi ake mantawa. In aka fita da kwaɗo a hannu za ki ga `panic: acquire`, ko `panic: sched locks`, ko na'urar ta sandare shiru, kuma sau da yawa ba nan take ba, sai can gaba a wurin da ba ruwansa. Sharaɗin `p->state != UNUSED` shi ma da dalilinsa: `freeproc` yana mayar da `pid` sifili, don haka in babu shi, wanda ya nemi labarin shiri mai lamba 0 zai sami labarin gurbin da babu kowa a ciki. Na saki kwaɗo kafin `copyout` da gangan. A xv6 ba zai yi illa ba in an riƙe, `wait` ma tana yin haka, amma a Linux takwaransa `copy_to_user` yana iya barci yana jiran a ɗauko shafi daga faifai, barci da irin wannan kwaɗo a hannu kuwa haramun ne a can. Gara hannunki ya saba tun yanzu.

In malaminku ya ce a faɗaɗa kiran ya kawo labarin dukkan shirye-shirye, ki kula da abu ɗaya. Sitak ɗin kanel na kowane shiri shafi ɗaya ne tak, bayit 4096. `struct labari` mai bayit 32 sau 64 ya cinye 2048, rabi ke nan, in kika ƙara masa gurabe sai ki zarce ki faɗa shafin gadi da ke ƙasa. Ki riƙa miƙa su ɗaya bayan ɗaya da `copyout`. In kuma aka ce a ƙara sabon gurbi a `struct proc`, misali ƙirgen kiran da shiri ya yi, ki share shi a `freeproc`, ki kuma yanke shawara ko ɗa zai gaji na uwa a `fork`. In ba ki share ba sabon shiri zai tashi da lissafin mamaci.

Game da lamba 22, ki ƙara a ƙarshe, kada ki cusa a tsakiya ki tura sauran. Lambobin nan alkawari ne tsakanin kanel da duk shirin da aka riga aka haɗa. A Linux kiran `write` lamba 1 ne a x86-64, lamba 64 a RISC-V, kuma ba a taɓa su, domin shirin da aka haɗa shekaru goma da suka wuce da lambar yake sallama, ba da suna ba. Linux tana da kira sama da 300, kowanne an ɗauki nauyinsa ke nan muddin akwai mai amfani da shi, shi ya sa masu kula da ita suke jan ƙafa sosai kafin su karɓi sabo.

Gwaji kuma, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ki tsaya a kan kiran da kika san zai yi nasara. Bayan `labari(getpid(), &l)` da `labari(1, &l)`, wanda dole ya ce `init`, ki zama baƙon banza da kanki. Ki ba shi `pid` 0, da -5, da 9999. Ki ba shi adireshi `0x80000000`, da `0x10000000`, da `0xffffffffffffffff`. Ki nemi shafi da `sbrk(4096)` ki ba shi adireshin da saura bayit 8 shafin ya ƙare, domin `struct` ɗin ya tsallaka zuwa inda babu komai. Duk waɗannan -1 ya kamata su dawo, `sh` kuma ya ci gaba da karɓar umarni. Na ƙarshen zai nuna miki wani abu: `copyout` zai rubuta bayit 8 na farko kafin ya gane sauran ba su da wuri, saboda haka -1 ba ya nufin ba a taɓa kwanon ba. Daga nan ki kunna `usertests` ki bari ya kai ƙarshe, don ki tabbatar ba ki ɓata na wasu ba. Yana ɗaukar mintuna, ki yi shi lokacin da batirinki yake da caji, kuma ki yi `git commit` duk sanda wani mataki ya yi aiki, tunda kin san yadda wuta take yi mana a garin nan.

Abu na ƙarshe, kayan aikin da da kin san su da kwana ukun sun zama minti goma. Saƙon faɗuwa yana ɗauke da `sepc`, adireshin umarnin da ya jawo ta. Ki buɗe `kernel/kernel.asm`, ki nemi lambar ba tare da `0x` da sifilan gaba ba, za ki ga layin C ɗinki a samansa. Danna Ctrl da p a cikin xv6 yana buga jerin shirye-shirye masu rai, ki kwatanta da abin da `labari` yake ba ki. Sannan gani ya kori ji: ki tayar da `make qemu-gdb` a taga ɗaya, `gdb-multiarch`, manhajar da ake bin kod layi-layi da ita, a ɗaya, ki sa `b sys_labari`, ki ci gaba, ki kunna shirin gwajinki. In ya tsaya ki matsa layi biyu da `n` har `adireshi` ya cika, ki rubuta `p/x adireshi`, za ki ga ƙaramar lambar nan taki. Sai ki ce `x/4x adireshi`, ya amsa miki cewa ba zai iya kai wa wannan memorin ba, alhali shirinki yana zaune a kansa. Ki yi wannan kafin ki gyara kod ɗin, ina so ki ga filin da yaron ya tarar da idonki. In bayan `copyout` har yanzu yana faɗuwa, ki turo min sabon `scause` da `sepc` da `stval` tare da layuka biyar na `kernel.asm` da ke kewaye da wurin, mu duba tare in sha Allah.